Kyaftin Shaw da Maganar Ƙofar Fita

A watan Yunin 1861 gobara ta tashi a ɗakunan ajiyar kaya na titin Tooley, a bakin kogin Thames na birnin Landan, inda aka jibge kitse da mai da sauran kayan da wuta ke so. Ta yi kusan mako 2 tana ci kafin ta mutu murus. Tun a ranar farko bango ya rufto wa shugaban 'yan kwana-kwanan birnin, James Braidwood, ya rasu nan take. Wanda aka ɗauko ya gaje shi ɗan ƙasar Ayalan ne mai shekara 31, Eyre Massey Shaw, tsohon soja da ya kai muƙamin kyaftin a rundunar North Cork Rifles kafin ya tuɓe kaki, ya ɗan taɓa shugabancin 'yan sanda da 'yan kashe gobara a Belfast.

Abin da ya tarar zai ba mai karatu na yau mamaki. A lokacin, 'yan kwana-kwanan birni mafi girma a duniya ba na gwamnati ba ne. Kamfanonin inshora ne suka haɗa kuɗi tun 1833 suke biyansu, kuma damuwar kamfanonin ita ce dukiyar da za su biya diyyarta, ba ran wanda ke cikin gidan ba. Asarar titin Tooley ta sa suka ce sun gaji. Majalisa ta yi doka a 1865, ranar 1 ga Janairun 1866 aka kafa hukumar kashe gobara ta Landan a ƙarƙashin gwamnati, Shaw ne shugabanta, kuma ya riƙe ta har 1891.

Halin soja bai sake shi ba. Ya kawo atisaye na kullum, ya ƙara tashoshi ya haɗa su da wayar tangarahu, ya yawaita injinan feshin ruwa masu aiki da tururi, ya sa wa mutanensa hular tagulla irin ta takwarorinsu na Faris. Ya fi son ɗaukar tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa, don sun saba da hawa sama, da igiya, da tashi cikin dare ba gunaguni. Sunansa ya cika gari, har Yarima mai jiran gadon sarautar Ingila yakan bi shi kallon gobara. Wannan duk ado ne, a ganina. Babban aikinsa yana cikin wani ɗan littafi da ya fitar a 1876 kan gobarar gidajen wasan kwaikwayo.

Mutumin da ya shekara 15 yana shiga gine-ginen da suka ƙone ya lura da abin da mai kallon gobara daga titi ba ya gani. A wurin da jama'a suka cika, hayaƙi da turmutsutsu ne ke gama da mutane cikin 'yan mintuna, tun motar kwana-kwana ba ta baro tasha ba. Saboda haka ya mayar da hankali kan ginin kansa: ƙofofi nawa ne, faɗinsu nawa, matakalar bene a miƙe take ko tana da lunguna, akwai katanga da labulen da ba ya cin wuta tsakanin dandalin wasa da 'yan kallo ko babu. Masu gidajen wasa suka yi kunnen uwar shegu, don kowace ƙofa da aka ƙara kujeru ne aka rage. A 1881 gidan wasan Ringtheater na birnin Biyana ya ƙone da ɗaruruwan mutane, sai aka tura Shaw ya duba na Landan. A sauran garuruwan Ingila abubuwa suka ci gaba yadda suke.

Daren 5 ga Satumban 1887, a garin Exeter, fitilar gas ta lasa labulen ado a saman dandalin gidan wasan Theatre Royal. Ginin sabo ne fil, an buɗe shi a 1886, amma babu labulen tare wuta. Waɗanda ke ƙasa a kujeru masu tsada yawancinsu sun fita. Talakawan da ke can benen ƙoli, masu tikiti mai araha, hanya ɗaya tak gare su: matakala mai kwane-kwane, kuma a kanta an kafa akwatin karɓar tikiti da ya ƙara matse ta. Na gaba suka faɗi, na baya suka hau kansu, hayaƙi ya biyo matakalar. Mutum 186 suka mutu. Gwamnati ta sa Shaw ya yi bincike, ya je ya rubuta abin da ya riga ya faɗa shekara 11 da suka wuce. Daga nan ne aka tsaurara dokokin ƙofofin fita, labulen tare wuta kuma ya zama abin da ba a wasa da shi a gidajen wasan ƙasar. Shaw ya ajiye aiki a 1891 bayan rashin jituwa da sabuwar majalisar birnin Landan, Sarauniya Biktoriya ta ba shi lambar girma, ya rasu a 1908.

Mu a nan, da gobara ta tashi, maganar ba ta wuce biyu: 'yan kwana-kwana sun makara, ko sun zo ba ruwa. Sau da yawa gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. Sai a yi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba, a sake gini yadda yake a da. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi asarar dubban shaguna a watan Maris na 2016. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda. Da Shaw ne aka kira, ba daga tashar kwana-kwana zai fara ba. Zai shiga layin kasuwa ya auna ko mota za ta wuce tsakanin teburan da aka kakkafa a kan hanya. Zai shiga ɗakin kwanan ɗalibai ya ƙirga tabarmi, sannan ya ƙirga ƙofa, ya girgiza ƙarafan taga da muka sa saboda ɓarayi ya ga ko akwai guda ɗaya da ke buɗewa daga ciki, ya tambayi wanda ke kwana da makullin kwaɗo. A zauren biki kuwa zai zagaya baya, ya tarar da ƙofa ta biyu a garƙame an jingine mata kujerun roba, janareto da jarkar fetur na gefenta.

Wannan dubawa ba ta buƙatar sabuwar mota ko kwangila. Shugaban 'yan kasuwa zai iya yinta, haka malamin tsangaya da mai unguwa, musamman kafin hunturu ya kama, lokacin da ake kwana da garwashi a ɗaki kuma iska ke kaɗa komai. Wahalarta ɗaya ce, irin wadda Shaw ya sha: dole a ce wa wani mai kuɗi ko mai faɗa a ji ya ɗauke rumfarsa daga kan hanya, kuma a tsaya a wurin har ya ɗauke.