Raddi Ga Mai Cewa Burtsatse Ba Ta Ƙafar da Rijiyar Maƙwabci

Wani ɗan'uwa daga cikin masu sana'ar haƙa burtsatse ya daɗe yana yaɗa wata magana, har ta fara zama a zukatan mutane. Cewa yake yi ruwan ƙarƙashin ƙasa teku ne, injin ɗan'adam ba ya rage shi, kuma rijiyoyin da ke ƙafewa a unguwanni fari ne kaɗai ya ƙafar da su. Ba na tuhumar niyyarsa, amma maganar kuskure ce, kuma talaka mai guga ne ke biyan kuɗinta. Zan bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsa ta farko ita ce tekun nan. Malam, kai da ke tsaye a kan injin haƙa ka fi kowa sanin abin da ke fitowa daga ramin: jar ƙasa, yumɓu, yashi, tsakuwa, sai garin dutse. Ruwan yana zaune ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da cikin tsagogin dutse, kuma tafiyarsa a hankali take, a wurare da yawa ba ya cin mita ɗaya a yini. Idan aka kunna inji, yana zuƙar ruwa da saurin da ya fi wanda ƙasa ke iya kawo masa. Sai fuskar ruwan ta lotsa a kewayen bututun, ta yi siffar mazurari: zurfi a tsakiya, faɗi a baki. Muddin injin na aiki, bakin mazurarin faɗaɗa yake yi, kuma bai san katanga ba. Ranar da ya iso ƙarƙashin rijiyar maƙwabci, ruwanta zai ja baya.

Wannan ba hasashe ba ne. Tun 1935 wani masanin ruwa na Amurka, Charles Theis, ya fitar da lissafin da ake amfani da shi har yau. Lissafin ya nuna cewa saukar ruwan ta danganta da yawan abin da ake ja, da tsawon lokacin ja, da nisan wuri daga burtsatsen, da irin ƙasar. Idan burtsatse biyu suna kusa, saukar da kowace ke jawowa haɗuwa take yi da ta ɗayar. To, a ƙirga burtsatse nawa ke layi ɗaya a sababbin unguwannin Kano, kowace da tankinta a sama, wasu kuma da sola, wato babu ma tsadar mai da za ta sa a kashe inji.

Wanda yake shakka ya gwada da kansa. Ya je rijiyar da ke maƙwabtaka da mai sayar wa 'yan garuwa ruwa. Da asuba, kafin a tada inji, ya zura igiya da ɗan dutse a bakinta, ya ƙulla alama a inda ta jiƙe. Ya dawo da la'asar bayan an yini ana cika jarkoki, ya sake zurawa, da sharaɗin ba a ɗebi rijiyar sosai a tsakani ba. Ya kuma dubi jikin rijiyar, zai ga zoben damshi a sama da inda ruwan yake yanzu. Tsakanin asuba da la'asar ba a yi fari ba.

Hujja ta biyu, wai damina tana mayar da duk abin da aka ɗiba. A ruwan sama-sama akwai gaskiya a ciki, shi ya sa rijiyoyi ke tasowa a watan Agusta da Satumba. Amma daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, inji kuwa wata goma sha biyu yake aiki. Kuma mafi yawan ruwan sama ba ya isa ƙasa: rana ta ƙone wani, itatuwa da amfanin gona su sha wani, wani ya bi kwata. A cikin birni mun ƙara toshe masa hanya da hannunmu. Mun shafe tsakar gida da siminti, mun cike kududdufan da ke tara ruwa har ya tsatsa ƙasa, mun yi gini a kansu.

Shi kuwa ruwan can ƙasa, damina ba ta san da shi ba, kuma Borno ce shaida. A yankin Tafkin Chadi akwai shimfiɗun ruwa uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, yumɓu mai kauri ya raba su. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 aka haƙa burtsatse masu yawa zuwa shimfiɗar tsakiya, mai zurfin ɗaruruwan mita. Ruwan yana cikin matsi, don haka da kansa yake tunkuɗowa sama ba tare da inji ba. Alheri ne babba ga mutane da dabbobi. Sai dai an bar da yawansu suna kwarara dare da rana babu makulli, ruwan yana malala yana zama taɓo. Matsin ya riƙa raguwa shekara bayan shekara, har wasu da dama suka daina fitowa sai da inji. Da masana suka gwada shekarun ruwan nan, sai suka tarar ya shiga ƙasa kimanin shekara 20,000 da suka wuce. Wace damina ce za ta mayar da wannan a zamaninmu ko zamanin jikokinmu?

Na san zai kawo Nijar, domin a can an ga abin mamaki. A kudu maso yammacin ƙasar, wajen Yamai, fuskar ruwa ta hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980 da ke tsakani. Gaskiya ne. Dalili shi ne sare daji don noma ya sa ruwan sama yana gangarawa da yawa cikin tafkuna, daga nan ya tsatsa ƙasa, alhali ɗibar da ake yi a ƙauyukan kaɗan ce. Amma wannan hujja a kansa take, domin ta nuna ruwa ya hau a lokacin fari. Ashe ba fari kaɗai ke hukunci ba. Abin da ya shiga da abin da aka fitar, su ne ke hukunci.

Hujja ta uku ita ce wadda ke kawo masa ciniki: idan ruwa ya janye, a ƙara zurfi. A Kano da sauran wuraren da ke kan tsohon dutse, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen sama ne da tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Idan aka wuce nan aka shiga lafiyayyen dutse, sai an dace da tsaga, in ba haka ba ƙura za a yi ta fitarwa mai gida yana biya. A inda zurfin ke ba da ruwa ma, tsere ne wanda mai kuɗi ke cinyewa. Saudiyya ta gwada shi da dukiyar da ba mu da irinta: ta noma alkama a hamada da tsohon ruwan ƙasa har tana sayarwa waje, a 2008 ta yanke shawarar janyewa, zuwa 2016 ta tsayar da shirin. A kwarin San Joaquin na Kalifoniya kuwa, ƙasar kanta ce ta nutse da kusan mita 9 a wani wuri tsakanin 1925 da 1977, saboda yumɓun da aka zuƙe wa ruwa ya danne.

Ta ƙarshe ita ce ta fi damuna: wai fili nasa ne, ruwa na Allah ne, ba mai hana shi. Ruwa na Allah ne, babu ja. Don haka ne ma ba na mutum ɗaya ba ne. Malaman fiƙihu sun yi bayanin harimin rijiya, wato tazarar da ake bari a kewayenta, tun kafin a san inji, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ana hana mutum haƙa rijiyar da za ta janye ruwan ta maƙwabcinsa. Idan an faɗi haka a kan rijiyar guga, ina ga injin da ke cika tanki cikin sa'a guda?

Ba ina cewa a daina haƙa burtsatse ba. Mutane sun koma gare ta ne saboda famfo ya daina kawo ruwa, kuma ba a ce wa mai ƙishi ya jira. Roƙona ga hukumomin ruwa na jihohi shi ne su ware rijiyoyin awo a kowace unguwa, a riƙa auna su kowane wata ana bayyana wa jama'a, a sa tazara tsakanin burtsatse, a sa makulli a kan waɗanda ke kwarara a banza. Masu unguwanni su haɗa gidaje a kan burtsatse ɗaya maimakon kowa ya huda tasa. Kai kuma ɗan'uwa, kafin ka kafa injinka a gida na gaba, shiga maƙwabta ka auna rijiyarsu, ka rubuta, ka dawo bayan shekara ka sake aunawa, sannan mu ci gaba da magana.