Kafanchan: Mahaɗar Da Aka Mayar Mashigi

Duk wanda ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan a wannan zamani, ya dubi taragai da tsatsa ta cinye, ga ciyawa ta binne layin dogo, ga awaki suna kiwo inda dā fasinjoji suke cunkoso, lalle ya tambayi kansa, shin don wa aka shimfiɗa wannan ƙarfe tun asali? Sa'ad da Turawan mulki suka haɗa dogon Fatakwal da na Kaduna ta nan a 1927, suka fitar da reshe zuwa Jos, ba maslahar Fantsuwam ko Bajju ko mutanen Jama'a ce ta dame su ba. Muradinsu kuza ya gangara bakin teku cikin sauƙi. Wannan zaluncin baƙo ne, ba mu kuwa taɓa sa ran adalci daga gare shi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne hukumomin da suka gaje su, waɗanda aka danƙa wa amanar talakawa, sun riƙe wannan ɗabi'a ba su sauya ba. Dubi al'amarin citta. Manomi a Kwoi ko Kachiya yakan tone ta da hannunsa, matarsa da 'ya'yansa su kwana suna tsagawa da wuƙa har yatsu su yi kanta, a shanya a kan duwatsu, sa'an nan dillali ya zo ya yanka wa buhu kuɗin da ya ga dama, alhali ainihin farashin a can wata nahiya ake tsayar da shi, inda za a niƙa ta, a tace manta, a sayar da riba ninkin-ba-ninkin. Masana'antar sarrafa citta ta Kachiya, wadda dā ita ce za ta tsare mana wannan riba a gida, ta shafe shekaru tana kwance.

Da annoba ta faɗa wa citta a daminar 2023, na ga dattijo ya tuge tushe ya nuna mini, ya ruɓe ya zama ruwa a tafinsa, da bashi kuwa ya sayi irin. Hukumar da ta iya ciwo bashi daga Sin ta buɗe sabon dogo tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, ba ta da hujjar cewa gyaran na Kafanchan, ko tanadin iri mai lafiya ga wannan dattijo, ya fi ƙarfinta.