Manhajar makaranta: a gwada ta a wayar uba kafin a biya

A taron kwamitin makarantarmu na farkon shekara wani tsohon ɗalibina ya zo da kwamfutarsa. Yaron kirki ne, ni na koya masa lissafi yana ƙarami, yanzu ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida yana neman abin yi. Ya ce zai gina mana shafin intanet inda mushe zai zuba maki, uba ya buɗe waya ya ga sakamakon ɗansa ba sai ya jira buletin ba. Har ya ɗora na gwaji. Ya nuna mana: launi ko'ina, hotuna na shawagi, tambarin makaranta na juyawa. Iyaye suka yi ta tafi. Sai wani dattijo manomi ya miƙa wayarsa ya ce, "Ɗana, buɗe mini a nan in gani." Muka zura ido ga ƴar da'irar nan tana zagaye. Har aka tashi daga taro ba ta gama ba.

Ba na ganin laifin yaron shi kaɗai. Ya yi gini da kayan da ya ga ana yayi, bai tambayi irin hanyar da kayan za su bi ba. Kowa a nan ya san tirela ta fi amalanke ɗaukar kaya, amma wanda zai kai gero daga ƙauyukan Issawane ko Ourafane ta cikin rairayi ya san wadda za ta isa. Shi ya sa nake ganin malamai da iyaye su daina cewa wannan magana ta masana ce. Kuɗin kwamiti ne za a kashe, sunayen ƴaƴanmu ne za a ajiye.

Abubuwa biyu ne yaron zai zaɓa a madadinmu. Na farko shi ne ƙwarangwal ɗin da za a gina manhajar a kansa, abin da masu sana'ar ke kira firamwok. Babu mai fara gini daga haƙar ƙasa. Akwai shiryayyun tubala da wasu suka buga suka bar wa kowa kyauta. Django, wanda aka saki a 2005, an fara shi ne a wani gidan jarida na jihar Kansas ta Amurka, kuma yana zuwa da kusan komai: ƙofar shiga da kalmar sirri, da ofishin mai kula. Flask, wanda Armin Ronacher ya fitar a 2010, ɗan ƙarami ne, yana ba ka harsashi ya bar maka sauran. Dukansu da harshen Python ake aiki da su. Akwai Laravel na masu PHP, akwai kuma irin su React da kamfanin Facebook ya ƙirƙira, wanda a yadda aka fi amfani da shi sai waya ta sauko da tarin umarni ta sarrafa da kanta kafin rubutu ya fito. Irin wannan na ƙarshe ne ya kwantar da wayar dattijon. Na biyu shi ne inda manhajar za ta zauna, wato kilawud, kuma kada sunan ya ruɗe mu: hayar ɗaki ce a kwamfutar wani kamfani, galibi a Turai ko Amurka, ana biya wata-wata.

To, da na ce mai sauƙi, me nake nufi? Ba ƙanƙantar sunan firamwok ba. Nauyin da ya fara damuna shi ne wanda ke sauka a wayar uba. Shafin intanet na yau da kullum a duniya ya wuce mega 2. Shafin da ba shi da komai sai suna da darasi da maki bai kamata ya kai kilo 100 ba, wato kashi ɗaya cikin ashirin. Mu yi lissafin aji: ɗalibai 600, darussa 12, maki sau 6 a shekara, lambobi 43,200 ke nan. Duka ba su kai nauyin hoto ɗaya mai kyau da aka ɗauka da waya ba. In kayan da kansu ba su kai hoto ɗaya ba, don me za a naɗe su cikin buhu goma? Ko Facebook, da duk dukiyarsa, sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda masu ƙananan wayoyi da raunin rezo irin mu. A bar kwamfutar haya ta haɗa shafin ta aiko shi a gyare, waya ta nuna kawai. Flask na iya wannan, Django ma na iyawa.

Sai kuɗin haya. Nan ne aka fi yaudarar mu da kalmar kyauta. Kamfanin Heroku ya yi shekaru yana ba ƙananan manhajoji masauki ba ko dala, ɗalibai da ƙungiyoyi a duniya suka dogara da shi, sai ya rufe wannan ƙofa ranar 28 ga Nuwamba 2022. Wanda bai iya biya ba, shafinsa ya tsaya. Kuma su waɗannan kamfanoni katin banki suke karɓa, da dalar Amurka ko yuro, ba a tura musu ta Nita ko Amana. Wane kwamitin makaranta ne a Korgom ko Kanembakashe ke da irin wannan kati? Ƙarshenta da katin yaron za a biya, da sunansa za a buɗe asusu, ranar da ya sami aiki a Yamai ko ya tafi Agadas makullin makaranta na aljihunsa. Manhaja ƙarama, wadda bayananta ke cikin fayil guda kamar yadda SQLite ke yi, ana iya kwashe ta daga wannan masauki zuwa wancan cikin yini. Wadda aka ɗaure da kayan kamfani ɗaya kuwa, in ya ƙara haya sai haƙuri.

Ga inda nake saɓa wa masu cewa kullum ƙarami ya fi. Flask bai zo da ƙofar shiga ba, sai an ƙara masa. Yaro sabon hannu, shi kaɗai, ba wanda zai duba aikinsa, yana iya barin taga a buɗe bai sani ba. Abin da ke ciki kuwa ba ƙarami ba ne: sunayen ƴan mata, shekarunsu, ƙauyensu, lambar wayar iyayensu, da wanda ya faɗi. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, amma kafin doka akwai kunya ta gari. Don haka in ni za a tambaya, ga makaranta ɗaya da mai gini ɗaya, na fi son Django da shafuka marasa ado, ko da ya ɗan fi cin wuri a kwamfutar haya. In mai ginin gogagge ne, kuma aikin bai wuce nuna maki ba, Flask ya wadatar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zaɓi kaya don zai yi wa yaro kyau a takardar neman aiki.

Akwai kuma abin da babu firamwok da zai gyara. Da yawa cikin iyayenmu ba sa karanta Faransanci, wasu ba sa karanta boko ma, saƙon murya na WhatsApp suka sani. Tunda kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ban ga dalilin da shafin uba ba zai zama da Hausa ba, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a wurarensu, ba a mai da Ɗahiru Dahiru ba. Wuta ma ba abin dogaro ba ce. Duk mun tuna Agustan 2023 da Nijeriya ta yanke lantarki. Kaye na maki da buletin na takarda su ci gaba da zama asali, a kuma riƙa sauke kwafin bayanai kowane wata a ajiye wurin dirakta.

Mu dai ga abin da muka yanke. Ba mu kori yaron ba, ba mu kuma ba shi ko jika ɗaya ba tukuna. Mun ce ya rubuta mana a takarda nawa ne haya a shekara da sefa, asusu ya zama da sunan makaranta, ya koya wa malamai biyu yadda ake kwafe bayanai, ya kuma kawo sunan wani a Tasawa ko Mayahi ko Maradi da zai iya karɓar aikin in ya tafi. Ya ɗan ɓata rai da muka ce a cire tambari mai juyawa. Zai dawo bayan hutun Disamba, kuma a tsakar gidan dattijon nan za a yi gwajin, da wayarsa.