NAWA NE KUƊIN 'YAR AIKATAU? A ZO A YI LISSAFI

Jama'a, akwai wani kuka da ya yawaita a bakin masu hali a garin nan na Kaduna, har ya fara shiga bakin waɗansu 'yan kasuwarmu. Wai masu aikin gida sun yi tsada. Wai yanzu in ka nemi mai yi maka shara da wanke-wanke sai ta tsaya tana ciniki da kai kamar mai sayar da goro: nawa za ka biya, kwana nawa za ta zo, wa zai ba da kuɗin mota. Wai 'ya'yan talakawa sun daina jin kunya. To, tun da an kawo zancen tsada, mun yarda a yi lissafi. Mu mutanen kasuwa ne, lissafi ba ya ba mu tsoro. A baje shi a faifai, kowa ya ga wanda ake cuta.

DAGA INA SUKE FITOWA?

Duk wanda ya san Tirkaniya ya san yadda gari ke waye mata. Tun da jijjifi mata suke fitowa bakin titin Nnamdi Azikiwe suna jiran abin hawa, waɗansu za su Barnawa, waɗansu kuwa sai sun haye kogi zuwa Unguwar Rimi ko Malali. Su ne masu share gidajen manya, su wanke tukwanensu, su goge dakalinsu, su komo da almuru su tarar da nasu gidan yana jiran shara.

Ba haka kawai abin ya faɗo daga sama ba. Unguwannin nan na kudancin kogi, Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya, albarkacin masana'antu suka cika. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, a 1964 aka kafa UNTL, ga Arewa, ga sauransu. Dubban magidanta suna karɓar albashi duk ƙarshen wata, 'yan kasuwa suna ciniki, masu gidan haya suna samu. A 2002 KTL ta tsaya, ma'aikatanta suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, waɗansu har suka mutu ba su gan shi ba. A 2007 UNTL ta rufe ƙofa. In maigida ya rasa albashi, ai tukunya ba ta san an rufe masaƙa ba. Sai uwargida ta ɗauki tsintsiya ta fita, in ba ta iya ba ta tura ɗiyarta. Waɗanda suka bari masaƙu suka mutu, su ne yau suke samun masu aiki da araha, su ne kuma suke kukan tsada!

GA LISSAFIN

A watan Yuli na 2024 ne shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ce mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne a wata. Gwamnatin jihar Kaduna ma ta yanka wa nata ma'aikatan naira 72,000 a 2024. Mu ɗauki na ƙasa. Ma'aikacin da ke aiki kwana 26 a wata, awa 8 kowace rana, ya yi awa 208. Ka raba 70,000 gida 208, kowace awa ta kama kamar naira 336. Wannan shi ne farashin da gwamnati da kanta ta ce kada a sayi awa ɗaya ta ɗan'adam ƙasa da shi.

Yanzu mu ɗauka ga yarinya tana kwana a gidan da take aikatau, ana ba ta naira 15,000 a wata, mai karatu kuwa ya san gidajen da ba su kai haka ba. Ba ta da Juma'a, ba ta da Lahadi, watau kwana 30 cur. Kowace rana ta kama naira 500. Ita ce farkon tashi, ƙarfe 6 na safe tana hura wuta, ita ce ƙarshen kwanciya, ƙarfe 9 na dare tana wanke kwanukan tuwo. Awa 15 ke nan. Ka raba 500 gida 15, kowace awa naira 33. Kashi ɗaya cikin goma na abin da doka ta yanka! Wane ɗan kasuwa ne za a taya masa kayan naira 1,000 a naira 100 ya sallama, sa'an nan mai saye ya juya yana cewa an tsawwala masa?

Mai zuwa ta koma kuwa, tata matsalar ta fi haka. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin 2024 ta ƙare ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya bi sawu. A 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfin albashin 70,000 ɗin gaba ɗaya. Matar da ke fita daga Tirkaniya ta haye kogi kullum, in ta cire kuɗin zuwa da komowa daga ɗan abin da ake ba ta, me ya rage? Don haka take tambayar kuɗin mota. Wannan ne rashin kunyar?

DOKA MAI ƘOFAR BAYA

Ranar da Majalisar Dattawa ta zartar da dokar nan ta 2024, shugabanta, Godswill Akpabio, ya faɗa a bainar jama'a cewa ko 'yar aiki ka ɗauka, ko direba, ko maigadi, ba ka da ikon biyansu ƙasa da 70,000. Magana ta yi daɗi, jaridu suka buga. Amma fa a duba takardar. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda ita aka yi wa gyara, ta keɓe duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta keɓe masu aikin rabin rana, gyaran 2024 kuwa bai taɓa wannan ba. To, wane gida ne yake da bayi, af, ma'aikata 25? Ashe an gina ɗaki an sa masa ƙyaure, an bar bango ɗaya a buɗe. Su wa suka rubuta dokar? Mutanen da kowannensu yana da kuku da direba da mai wanki da guga a gidansa.

Wannan tsohon hali ne. Tun zamanin Turawa aka tsara Kaduna da gidan Bature a gaba, ɗakin boyi a baya kusa da bola. Turawa sun tafi a 1960, 'yan'uwanmu suka shiga gidan gaba, ɗakin boyi yana nan inda yake. Ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati sun yi yajin aiki na gama-gari a 1945 sabo da tsadar rayuwa, suka sami ƙari. An sake yi a 1964. A 1981 ƙungiyar ƙwadago ta matsa har aka yanka naira 125, ta koma 18,000 a 2011, ta koma 30,000 a 2019. A duk wannan tafiya, wa ya tsaya wa mai shara? Ita kaɗai ce a gidan da take aiki, ba ta da ƙungiya, ba ta da takarda, in ta yi magana a ce ga ƙofa nan.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ba minista iko ya tsara sharuɗɗan aikin gida. Ku tambayi kowace mai aikatau a Tirkaniya ko ta taɓa ganin ma'aikacin ofishin ƙwadago ya zo duba inda take kwana. A 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 189, wadda ta ce mai aikin gida ma'aikaci ne kamar kowa, yana da hutun awa 24 a jere kowane mako. Afirka ta Kudu ta amince da ita a 2013, a 2022 kuwa ta daidaita albashin masu aikin gida da na sauran ma'aikata. Har 2024 ta ƙare Nijeriya ba ta amince ba.

KURA DA SHAN BUGU

Akwai kuma cinikin da ya fi wannan muni, kowa ya san shi, kowa ya yi shiru. Dillaliya ta shiga ƙauye, ta yi wa iyaye daɗin baki, ta kwaso yara mata ta rarraba su gidaje a birni. Ƙarshen wata ita ke zuwa karɓar kuɗin. Ta cire nata, in ta ga dama ta aika da saura. Yarinya ba ta san nawa aka yi cinikinta ba, ba ta san hanyar gida ba, ba ta san wanda za ta kai wa ƙara ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan doka ba ta da ƙofar baya. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta ce duk wanda ya ɗauki yaro ko yarinya da ba su kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya yi dillancinsu, ɗauri ne daga wata 6 zuwa shekara 7. Jihar Kaduna ma tana da tata dokar kare yara tun 2018. Amma da safe sai ka ga 'yar shekara goma ta goyo jakar makarantar 'ya'yan gida ta raka su ƙofar makaranta, ta juyo ta koma wa wanki. Kuɗin aikatau na gaskiya shi ne wannan: karatun da ba ta yi ba. In ta girma ba ta iya rubuta sunanta ba, ɗiyarta ma tsintsiya za ta gada.

LAIFI TUDU NE

Yanzu bari mu juyo gida, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. 'Yan'uwa 'yan kasuwa, mu da ke kukan haraji, muna kukan an rushe mana rumfa, muna kukan manya sun danne mu, mutum nawa ne cikinmu ya bar yarinyar wani a gida tana reno da wanki tun safe har dare? Hajiya mai rumfar atamfa, wa ke riƙe miki gida sa'ad da kike kasuwar Kakuri? Ba don ita ba, da kin fita? Ashe tana da rabo cikin ribar nan. Wanda ya san zafin danniya bai kamata ya koma gida ya zama ɗan ƙaramin hakimi a kan wadda ta fi shi rauni ba.

Mun san amsoshin. Na fari, a ce ai muna ci da ita, muna ba ta wurin kwana. Jakin da ke ɗaukar kaya ma ana ba shi dusa. Abinci ƙarfin aikin ne, ba ladansa ba ne, balle a ce ƙanzo ne da sauran miya, wurin kwanan kuwa tabarma a ɗakin girki.

Na biyu, a ce suna sata. Wadda ta yi sata akwai alƙali. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya riƙe kuɗin wata uku, ko ya yanke rabin albashi don an fasa faranti ɗaya, mene ne sunan abin da ya yi?

Na uku, a ce ni ma talaka ne, ina zan sami 70,000? Wannan gaskiya ce, ba mu musa ba. To, ka sayi abin da kuɗinka ya isa. Mai naira 500 ba ya ɗaukar buhu, mudu ake auna masa, ko rabinsa. In babbar mace za ta zo maka kwana 3 a mako, awa 4 kowace rana, awa 52 ke nan a wata, watau rubu'in 208. Rubu'in 70,000 kuwa naira 17,500 ne. Ka biya wannan, ka ɗora kuɗin mota, ta yi aikinta ta tafi wani gidan ta ƙara samu, ta kwana cikin 'ya'yanta. Sauran aikin kuma 'ya'yanka su yi, ba abin da tsintsiya za ta rage su da shi. Abin da ba ka da iko da shi shi ne ka biya kuɗin awa 52 ka riƙe mutum dare da rana.

ABIN DA MUKE NEMA

1. Majalisar Tarayya ta toshe ƙofar nan ta mutum 25, a yanka wa aikin gida farashin awa wanda kowa zai sani.

2. Gwamnatin Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 189, mai aikin gida ya sami hutun yini guda kowane mako.

3. Duk wanda zai ɗauki mai aiki, a yi magana gaban shaidu biyu, a rubuta: aiki kaza, awa kaza, kuɗi kaza, ranar biya kaza. Ko mai unguwa ya isa shaida, ko shugaban layinku a kasuwa.

4. Kuɗi a hannun wadda ta yi aiki. Dillaliya ta karɓi la'adarta sau ɗaya daga mai ɗauka, shi ke nan.

5. Ƙaramar yarinya ba ta aikatau. Wanda ya karɓi riƙon 'yar wani, ya sa ta makarantar da ya sa nasa, in ba zai iya ba ya mayar wa iyayenta.

Ku kuma iyayenmu da 'yan'uwanmu mata na Tirkaniya da Nasarawa da Kakuri, ku da ke haɗuwa bakin titi kowace safiya, ku tambayi juna nawa ake biyanku. Ku tsai da farashi ɗaya kamar yadda 'yan dako da masu keke suke yi, kada wata ta karya wata. Kun fi kowa sanin cewa tsinke ɗaya ba ya shara. In masu gida sun ce kun yi tsada, ku miƙa musu wannan lissafi, ku ce su nuna inda aka yi kuskure.