Gidan Sulgrave da Limamin da Aka Kora

Duk wanda ya shiga neman nasabarsa da niyyar ya tarar da katafaren gida a ƙarshenta, to, haƙiƙa ya riga ya yanke hukunci tun shaidu ba su hallara ba, kuma ban san ƙissar da ta fi bayyana wannan aibi ba kamar ta gidan Sulgrave a lardin Northamptonshire na Ingila, wanda ake kira gidan kakannin George Washington, shugaban Amurka na farko.

Wani attajiri mai fataucin ulu, Lawrence Washington, shi ya sayi wurin a 1539 daga Sarki Henry na Takwas, bayan da sarkin ya ƙwace dukiyar gidajen ruhubanawa, ya gina gidan, ya sa aka sassaƙa tambarin zuriyarsa a bisa ƙofa, taurari uku da layuka biyu. Amma tun farkon ƙarni na 17 gidan ya fita daga hannunsu, shi kuwa George, da aka haifa a Virginia a 1732, bai taɓa taka ƙasar Ingila ba, balle ya ga soron. Da Sir Isaac Heard, babban mai kula da nasabar manya a Landan, ya rubuto masa a 1791 yana tambayar asalinsa, sai ya amsa cewa al'amari ne da bai ba shi muhimmanci sosai ba. Ni dai a ganina wannan amsa ta fi salsalar da Heard ya tsara daraja, domin salsalar tana da ɓaraka, wadda Kanar Joseph Chester ya tona a 1866, ya nuna an kama wani John aka ɗora a gurbin wani John don kawai sunansu ɗaya.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa isnadi, kome kyawun farkonsa da ƙarshensa, idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, ya zama munƙaɗi'i. Mutumin da ya faɗi a nan kuwa ba mai gida ba ne, ba mai sarauta ba: wani Lawrence ne kuma daga zuriyar mai gidan Sulgrave, limamin cocin Purleigh, wanda aka tuɓe shi a 1643 lokacin yaƙin basasar Ingila bisa zargin shaye-shaye da goyon bayan sarki, ya rasu cikin talauci. Ɗansa John, wanda George ya fito daga tsatsonsa, shi ne ya ƙetare teku ya sauka Virginia a 1657. Sai a 1889 Henry Waters, bayan dogon haƙuri yana tonon wasiyyoyin mamata, ya tarar da wasiyyar wani mutumin garin Tring wadda ta ambaci 'ya'yan limamin da sunayensu, a nan ne silsilar ta haɗu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda aka raba ladan. A 1914, don tunawa da cika shekara 100 da sulhun Ghent tsakanin Birtaniya da Amurka, aka tara kuɗi aka sayi Sulgrave, aka gyara shi, aka buɗe shi ga maziyarta a 1921, ana ta kafa tutoci a farfajiyarsa, alhali hujjar da ta halatta wannan biki duka ta fito ne daga takardar gadon da wani dattijo ya bar wa 'ya'yan korarren limami, waɗanda uwarsu ta rene su a Tring.