A Fitar da Damin Ɗalibi Kafin a Rufe Rumbu

Ya ku Masihiyawan arewacin Kano, iyayena da ƙannena na ƙasar Bichi da Tsanyawa, da Bagwai da Shanono, da Dawakin Tofa har zuwa iyakar Roni! Tambaya nake tafe da ita, kuma ba mai daɗin ji ba ce. Nan da shekara ashirin, wa zai hau mumbari a majami'un ƙauyukanmu ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya warware mana shi da Hausar da aka goye mu da ita?

Ku ɗaga ido ranar Lahadi ku duba. A wurare da dama, ko dai Baba mai bishara ne da furfura ta gama cinye kansa, yana kai littafi kusa da hanci kafin ya ga baƙi, ko kuma fasto ne da aka turo mana daga Kudancin Kaduna ko Filato. Allah ya saka wa waɗannan bayin nasa. Sun baro danginsu, sun sha zafin bazararmu, sun binne mana iyaye, sun ɗaura wa 'ya'yanmu aure. Amma baƙo raɓa ne. Ranar da takardar canjin wuri ta iso, sai ya ɗaure kayansa, mu koma jiran wani. Har yaushe za mu yi ta cin tuwon da aka tuƙa a gidan maƙwabta alhali muna da murhu?

Ba haka kakanninmu suka faro ba. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, bayan wahalar shekaru da Likita Mila na Zariya da malaman Hausawa abokan aikinsa suka sha. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta karɓi kula da asibitin kutare na Yadakunya, kuma a can mutane da yawa da duniya ta guje su suka koyi karatu, suka koma garuruwansu da magani a jiki da littafi a hannu. Aka yi makarantar yara maza a Roni, wadda yau take Jihar Jigawa. Aka kafa makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa, nan bayan ɗakinmu. Manoma ne suka fara cika ta, masu kanta a tafin hannu, waɗansu da mata da goyo. Su ne suka taka ƙasar nan da ƙafa da keke, unguwa unguwa, suna koya wa manya a-ba-ca-da a gindin tsamiya. Lokacin da ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, irin waɗannan mutane ne ginshiƙanta a karkara. Ba su da digiri. Amma abin da suka samu sun riƙe shi da kyau, sun kuma miƙa.

Mu fa, me muka miƙa?

Bari in faɗi abin da ake faɗa a zaure ba a faɗa a majami'a. Idan Allah ya ba mutum yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai ya ce wannan na Jami'ar Bayero ne, likita zai zama ko lauya. Madalla, muna bukatarsu. Amma idan yaro ya faɗi jarrabawa sau biyu, ya rasa abin yi, sai a ce, "To, a kai shi makarantar Baibul mana, ko Allah zai sa ya shiryu." Wato Ubangiji ne mai karɓar tsintuwa da ragowa. Daga baya kuma mu ne masu gunagunin cewa wa'azi ba gishiri, fasto na maimaita abu ɗaya tun daga Kirsimeti har Ista. Abin da aka shuka ai shi ke tsira.

Kowa a nan ya san halin ƙasarmu. Gona na manne da gona, ba saura, ba daji. Ba mu da filin da za mu bari ya huta, kowace damina sai mun noma wuri ɗaya. Abin da ya sa har yau take ba da gero da dawa da gyaɗa shi ne takin da ake yi mata jigila tun rani, mangala bayan mangala a bayan jaki. Wanda ya ci amfanin gona shekara uku bai mayar mata da komai ba, wuta-wuta ce za ta gaishe shi. Ikilisiya ma haka take. Muna ɗiba kowace Lahadi, a ajin baftisma, a makarantar Lahadi, a wurin biki da wurin makoki. Ilimin masu koyarwa shi ne takinta, kuma mun daɗe ba mu kai ba.

Wutar-wutar kuwa ta riga ta fito. Tana cikin wayar da ke aljihun ɗanka. Wani mai kiran kansa annabi daga wata uwa duniya yana sayar da mai da ruwa a kwalba ta WhatsApp, yana gaya wa yarinya cewa gwaggonta ce mayyar da ta hana ta aure. Zumuncin shekara hamsin ya tsinke a dare ɗaya. Wa zai zaunar da yarinyar nan ya nuna mata daga nassi cewa ƙarya ake yi mata? Sai wanda ya yi karatu, ya san farkon aya da ƙarshenta, ya san wa aka rubuta wa ita da dalilin rubutawa. Tsawa a lasifika ba ta maganin wannan.

Sannan ga zaman da muke ciki. Mu 'yan kaɗan ne a tsakanin 'yan'uwanmu Musulmi, waɗansunsu ma uwa ɗaya uba ɗaya muke. Tare muke cin kasuwar Bichi, tare muke noman rani a Watari. Za su tambaye mu abin da muka gaskata game da Almasihu, game da gicciye, game da Allah ɗaya, kuma suna da haƙƙin su ji amsa mai ma'ana cikin ladabi. Jahili in an matsa shi da tambaya, ko ya yi fushi ko ya yi zagi, kuma mun san abin da kalma ɗaya marar linzami take iya jawo wa gari. Fasto mai ilimi, wanda ya san addininsa ya kuma san na maƙwabcinsa, katanga ne ga zaman lafiyar kowa. Mu ma dubi yadda maƙwabtan nan suke riƙe malamansu: kuɗin Laraba ba ya yankewa, damin malam na fita tun daga bakin gona. Ba su jira wani Bature ya aiko musu daga Amurka ba.

Kada wani ya ce ba inda za a je. Tofa na nan. Anglikan suna da kwalejin St. Francis a Wusasa. Mai son zurfafawa ga Kagoro, ga JETS a Jos da aka buɗe a 1980, ga TCNN a Bukuru. Kada kuma wani ya ce ɗan ƙauyen Hausa ba ya kai wa can. A 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katolika ta Katsina. Malumfashi ba a sama take ba.

To, ga abin da nake roƙo.

Dattawan ikilisiya, ranar godiyar kaka, kafin a taɓa komai, a ware rabon ɗalibi. Kowane gida dami ɗaya, wanda bai iya ba ya kawo tiya biyu, wanda ya fi ƙarfi ya ƙara da wake da gyaɗa. Majami'a mai gida ashirin za ta iya ci da ɗalibi da iyalinsa ba tare da kowa ya kwana da yunwa ba. A bar masa gonarsa a hannun matasa su yi mata gayya. Ku ne kuma za ku zaɓe shi, ba shi zai zaɓi kansa ba: wanda kuka san halinsa, mai gaskiya a kan kuɗi, mai jin magana, mai kai. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu cewa in ya gama zai dawo ya yi wa yankinsa hidima na wasu shekaru kafin birni ya ja shi.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku kuka fi kowa sanin cewa rabin aikin fasto a hannun Mama matarsa yake. Ita ke shiga inda namiji ba ya shiga. Kada ku yarda a tafi da miji makaranta a bar matar tana daka kawai. A sa ta a aji. 'Yan matanmu masu basira kuma a tura su, don makarantar Lahadi ba wurin renon yara ba ce kurum.

Ku 'ya'yanmu da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja, mun ga rufin kwano da fenti da kuka yi wa majami'ar gida, mun gode. Yanzu ku haɗu uku uku ko biyar biyar ku ɗauki kuɗin makarantar mutum ɗaya har ya gama. Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ta sa wannan a gaba a tarukanta.

Malaman makarantun tauhidi, ku ma da naku. A koyi Turanci da Girkanci, ba laifi, amma wanda zai yi wa'azi a Shanono da Hausa zai yi. Ku rubuta mana littattafan sharhi da harshenmu. Ku koya wa ɗalibai sana'a da kiwo, don baikon ƙauye ba ya riƙe gida shi kaɗai.

Kai kuma saurayi da kake jin kiran nan a zuciyarka kana ta kauce masa, je ka sami fastonka cikin makon nan ka faɗa masa. Sakataren ikilisiya, ka sa maganar a jerin abin da dattawa za su tattauna a zamansu na gaba, ka rubuta sunan wanda za a tura da ranar da za a auna hatsinsa.