Man Daɗɗoya: Arzikin Da Ke Bayan Gida

Daɗɗoya, wadda Yarabawa ke kira efirin, Ibo kuma nchanwu, tsiro ne da ke fitowa da kansa a bakin rafi da bayan gida a sassa da dama na Nijeriya. Masana kimiyya na kiranta Ocimum gratissimum. Idan aka turara ganyenta da tururin ruwa, aka sanyaya tururin, akan sami wani mai mai ƙarfin ƙamshi wanda ke ɗauke da sinadaran timol da yujinol.

Waɗannan sinadarai suna da kasuwa tun da daɗewa. Timol na cikin ruwan kurkure baki irin su Listerine, yujinol kuwa, wanda aka fi samu daga kanumfari, likitocin haƙori na amfani da shi. Binciken da aka gudanar a jami'o'in ƙasar nan, musamman Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ya nuna cewa man daɗɗoya na hana ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus aureus yaɗuwa. Haka kuma yana jinkirta lalacewar mai da kitse sakamakon shan iska, abin da masu sarrafa abinci da sabulu ke biyan kuɗi domin samu.

Sai dai nasara a ɗakin gwaji ba ita ce waraka a asibiti ba. Ƙarfin man kan bambanta daga wannan yanki zuwa wancan, kuma kamfani ba zai sayi kayan da ba su da ma'auni tabbatacce ba. Ga kuma darasin Niprisan, maganin sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar daga tsirrai: an miƙa lasisinsa ga kamfanin Xechem a 2002, amma a 2008 kamfanin ya durƙushe, masu cutar suka rasa maganin.

Don haka ya kamata Gwamnatin Tarayya ta fara daga inda ciniki ya fi sauƙi, wato sabulu, man shafawa da ruwan kurkure baki. Hukumar NAFDAC ta tsara ma'auni, bankuna kuma su ba ƙungiyoyin manoma rancen sayen tukwanen tace mai. Ƙasar da ke kashe kuɗaɗen musaya wajen shigo da sinadarai daga Indiya da Sin bai dace ta ci gaba da sassabe daɗɗoya kamar ciyawa ba.